Me ya sa ƙasashe ke haɗuwa wajen karɓar baƙuncin gasar ƙwallon hannu ta mata?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa ƙasashe biyu ko uku ke haɗuwa su shirya gasar duniya guda. Nauyin ne ya ƙaru. Tun gasar Sifaniya ta 2021 hukumar ƙwallon hannu ta duniya (IHF) ta ƙara yawan ƙungiyoyi daga 24 zuwa 32. Wasanni sun haura ɗari cikin ƙasa da mako uku, ga masauki, ga manyan zaurukan wasa masu rufi, kowanne da fili mai tsawon mita 40 da faɗin 20. Misali, Denmark, Norway da Sweden sun raba ɗawainiyar a 2023, inda Faransa ta ɗaga kofin a birnin Herning na Denmark.

Ni abin da ke damuna shi ne zirga-zirga tsakanin birane tana gajiyar da 'yan wasa, alhali galibi hutun kwana ɗaya kacal suke samu tsakanin wasanni.