Danshi ya ɓata mini sabon gida: wa zai biya, ni ko ɗan kwangila?

Tambaya: Barista, na ba wani ɗan kwangila ginin gidana a Kubwa, Abuja. An zuba kankaren ƙasa a tsakiyar damina, bayan mako uku aka shimfiɗa tayil a falo da katako a ɗakunan kwana, don ina gaggawar tarewa. Yanzu wata takwas ke nan: katakon ya kumbura, tayil yana amon ganga in an taka, fenti kuma yana ɓarewa a gindin bango da wani farin gishiri. Ya ce ni na matsa masa. Har yanzu akwai sauran kuɗinsa a hannuna. Me zan yi?

Amsa: Malam, kafin komai, kada ka bari a fasa ko tayil ɗaya tukuna. Hujjarka tana ƙarƙashin daɓen nan.

Shari'ar taka za ta tsaya ne a kan asalin ruwan. Mutane da yawa suna ɗauka in kankare ya yi tauri to ya bushe. Kwana 28 da magina suke ambata lissafin ƙarfi ne. Bushewa kuwa aba ce mai nawa, domin ruwan da siminti bai sha ba sai ya tako sannu a hankali ta ƙananan ƙofofi har ya fita ta sama. Ƙiyasin da masu aikin suka saba da shi, wata guda ga kowane inci na kauri, shi ma in iska busasshiya ce. Ka ga kankare mai inci shida a damina ba zai shirya ɗaukar katako cikin mako uku ba. Amma akwai wata hanyar: in ba a shimfiɗa ledar tare danshi ƙarƙashin kankaren ba, ko an shimfiɗa ta huje, ruwan ƙasa ne yake hawowa. Na farko, wato ruwan kankaren, yana raguwa da kansa. Na biyu, ruwan ƙasa, yana dawowa duk damina, kuma gishirin da kake gani a bango ya sa na fi zarginsa. Fashewar bututu ma a duba.

Bambancin yana da nauyi a kotu. In leda ce babu, zancen "kai ka matsa mini" ya faɗi, don gaggawarka ba ta hana shi shimfiɗa leda ba. In kuwa rashin jira ne, zai samu ɗan abin riƙewa, sai dai ba mai ƙarfi ba. Doka tana ɗaukar duk wanda ya karɓi aikin gini ya yi alkawarin yin sa da gwaninta, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Shi ne masani, shi ya kamata ya gargaɗe ka. Ya yi? A rubuce? Bincika saƙonninku na WhatsApp da gaskiya, domin in ya ja kunnenka kai ka ce a ci gaba, lauyansa zai karanto maka su a gaban alƙali.

Nemi injiniya mai rajista da COREN (hukumar yi wa injiniyoyi rajista) ko magini mai rajista da CORBON (hukumar yi wa magina rajista), wanda ba shi da alaƙa da ɗayanku. Zai huda kankaren zuwa kashi 40 cikin ɗari na kaurinsa ya sa na'urar auna laima. Abin da aka fi amincewa da shi kafin a shimfiɗa katako shi ne kada laimar cikin kankaren ta wuce kashi 75 cikin ɗari. Ya kuma buɗe gefe guda ya ga ko akwai leda. Gayyaci ɗan kwangilar a rubuce ya halarci awon, kada gobe ya ce a bayan idonsa aka yi. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararre, hotuna da saƙonnin waya kuma sai sun cika sharaɗin sashe na 84, wanda ya shafi shaidar da aka ciro daga na'ura.

Daga nan lauya ya rubuta masa takarda, a ba shi wa'adin gyara. Duba yarjejeniyarku: galibi akwai wata shida na gyaran aibi bayan miƙa gida, da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin kwangilar da ake riƙewa. Ƙarewar wata shidan ba ta wanke shi daga aibin da yake ɓoye ba. A Abuja kana da shekara shida ka shigar da ƙara kan saɓa yarjejeniya, kuma yawanci lissafin yana farawa daga lokacin da aka yi aikin banzan, ba ranar da ka gano ba. Kuɗinsa da ke hannunka, riƙe daidai ƙiyasin gyara, ka sanar da shi dalili a rubuce; in ka riƙe fiye da haka, kai ma za ka zama abin ƙara.

Ni da zan zaɓa maka, sulhu zan fara nema a cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Abuja, don ya fi sauri da araha. Kana iya kai koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokarta ta 2018 ta ba mai sayen aiki damar neman gyara ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa. Ofishin 'yan sanda kuwa kada ka je. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka (ACJA) ta 2015 ya hana kama mutum kan saɓa kwangila, kuma na sha ganin mai gida ya koma biyan diyya saboda ya sa an tsare magini.

In ta kai ga kotu, kuɗin da ka ce ka kashe sai ka tabbatar da su da hujja irin ta rasit, don haka adana takardar kowane buhun siminti da kuɗin injiniya. Yanzu dai ka janye kayan ɗaki daga jikin bango, ka buɗe tagogi, domin ɓarnar da ka iya hanawa ka ƙyale ba za a ɗora masa ita ba.