Anti, ina ake samun aiki da digirin tasowar yara da iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a jami'a, ina shekara ta uku, ina karanta tasowar yara da zamantakewar iyali. Ba shi na cike ba tun farko amma wallahi yanzu ina son kwas ɗin, matsalar duk wanda na gaya wa sai yace "au reno kike karanta kenan?" har na fara tunanin ko in canza tun kafin lokaci ya ƙure. Don Allah in na gama ina zan samu aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki canza tunda kince kina sonshi. Amma bari in gaya miki gaskiya tun yanzu, wannan digirin ba irin na likita bane da ana gamawa kowa ya san inda mutum zai nufa, shi hanyoyinsa da yawa ne kuma ke zaki zaɓi ɗaya tun kina makaranta ki fara binta, in kika bari sai kin karɓi satifiket sannan ki fara tunani toh zaki sha zaman gida.

Masu cewa reno kuma ki basu labarin Jamaika. Tsakanin 1986 da 1987 masu bincike suka ɗauki yara 129 a birnin Kingston waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar, aka rabasu, wasu ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu awa ɗaya duk sati har tsawon shekara biyu. Me take yi in taje? Zama take da uwa da ɗan, a haɗa abin wasa da tarkacen cikin gida, tana nuna wa uwar yadda zata riƙa yi masa magana, ya ɗauki abu ta faɗa masa sunansa, yayi daidai ta yabe shi. Shikenan fa. Bayan shekara 20 aka koma aka nemo yaran nan sun zama manya, sai gashi waɗanda aka riƙa kai wa ziyarar abin da suke samu a aiki ya fi na waɗanda ba'a kai wa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Cikin waɗanda suka fitar da wannan sakamakon a 2014 har da James Heckman, wanda ya samu kyautar Nobel a tattalin arziki a 2000. Toh aikin da kike koya kenan.

Hanya mafi kusa ita ce makarantun nazire da wuraren kula da ƙananan yara. Nan aiki baya wuyar samu, amma ba zan ɓoye miki ba albashin malamar nazire kusan ko'ina a duniya bai taka kara ya karya ba, kuma abin yana min ciwo don su ke riƙe da shekarun da suka fi kowanne muhimmanci. Inda digirinki zai miki rana shine bazaki tsaya a aji ba, kina iya zama shugabar makaranta, ko mai horar da malamai, ko mai tsara manhaja, ko ki buɗe taki. Maria Montessori likita ce, ta buɗe ajinta na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, yau makarantu masu sunanta sun cika duniya. Ki dai bincika dokar ƙasarki, wurare da yawa sai kin ƙara da shaidar koyarwa kafin a baki aji a makarantar gwamnati.

Akwai kuma aikin da ni ya fi burgeni kuma mutane basu cika saninshi ba, wato mai kula da hankalin yara a asibiti. Ba nas bace, bata allura bata bada magani. Yaro ɗan shekara biyar za'a masa tiyata gobe, yana ta kuka ya ƙi bari a taɓa hannunsa, sai tazo da ƴar tsana ta zauna gefen gadon, ta bashi robar ƙarin ruwa ta wasa tace shi ya sa wa ƴar tsanar, ta gaya masa gaskiya cewa zaiji ɗan zafi na ɗan lokaci, bata ce masa ba zafi, sannan ta bashi zaɓi ko ya kalla ko ya juya kai yana ƙirga. Ta koma kan uwar da ita ma hankalinta a tashe yake ta nuna mata yadda zata riƙe shi. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, bayan digiri sai mutum yayi awa 600 na horon aiki a asibiti ya zauna jarrabawa kafin a bashi shaida. Ko inda babu wannan gurbin da suna, asibitin yara duk yana buƙatar mai wannan ilimin, kije ki nemi aikin sa kai.

Sai ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jin daɗin jama'a, irinsu UNICEF da aka kafa a 1946 da Save the Children tun 1919, da gidajen marayu da kotunan yara. Nan son yara kaɗai baya isa ƙanwata, zasu tambayeki kin iya rubuta rahoto? kin iya tattara bayanai a kwamfuta da Excel? kin san yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989? kin san me zaki yi in yaro ya gaya miki ana cutar da shi, wa zaki sanar kuma me bazaki masa alkawari ba? Waɗannan ki koyesu tun yanzu, da yawansu akwai kwas kyauta a intanet. In kuma hankalinki ya fi karkata ga yara masu buƙata ta musamman, masu jinkirin magana ko masu otizim (lalurar da ke wahalar wa yaro mu'amala da mutane), toh sai kin ƙara karatu a wannan fannin, digirinki tushe ne mai kyau gareshi.

Abin da nake so kiyi wannan hutun, ki samu waje ɗaya da yara suke ki riƙa zuwa, ki riƙe ɗan littafi kina rubuta abin da kika gani ba tare da sunan kowane yaro ba. Ranar intabiyu abin da zai fiddaki shine kice ga yaron da na lura baya waiwayowa in an kira shi, ga abin da nayi, ba ki jero sunan masana tasowar yara irinsu Piaget da Bowlby kawai ba.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni namiji ne, na gama wannan kwas ɗin bara, ina son buɗe ofis na sasanta ma'aurata don mutane na yawan kawo min matsalarsu. Zan iya farawa da digirin nan?

Amsa: Barka dai ƙanena, kuma naji daɗi da namiji ya turo, fannin nan yana da ƙarancin maza sosai alhali akwai magidanta da samari da bazasu taɓa buɗe cikinsu ga mace ba. Amma ka ɗan dakata da buɗe ofis. Digiri na farko bai maida mutum mai warkar da matsalar aure ba, a Amurka misali sai kayi mastas, kayi aiki ƙarƙashin kulawar wani ƙwararre na dogon lokaci, sannan ka samu lasisi. Dalili kuwa ba don a wahalar da mutum bane, ma'auratan da zasu zo maka wani yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, wani shaye-shaye, wata kuma dukanta ake a gida kuma bazata faɗa a gaban mijin ba, in ka zaunar da su tare kana neman a yafe wa juna toh kana iya maida ta cikin haɗari da hannunka. Shi yasa ƙwararru suke fara ganin kowa shi kaɗai su tambaya kafin su haɗasu.

Abin da zaka iya yi tun yau shine koyarwa. Ka shirya aji na masu shirin aure, ajin sababbin iyaye, yadda ake tarbiyya ba duka, yadda ake magana da matashi ɗan shekara 14 da ya daina kula kowa a gida, wannan duk ilimin da ka karanta ne kuma makarantu da ƙungiyoyi suna biyan mai yinsa. Ka haɗa jerin likitocin ƙwaƙwalwa da ofishin jin daɗin jama'a na kusa da kai, duk wanda matsalarsa ta fi ƙarfinka ka turashi can. Kana wannan kana neman gurbin mastas, kuma ka zaɓi wanda yake da horon aiki a ciki, ba na zaman aji kawai ba.