Hukuncin Motsa Jiki ga Dattijo Mai Ciwon Suga

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekaruna 54, ina sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari, gidana kuma a Tudun Wada. Likita a asibitin koyarwa na Shika ya ce ina da ciwon suga, ya rubuta mini magani, ya kuma ce lallai in riƙa tafiyar ƙafa da sassarfa. Abokan zamana sun ce wannan zubar da girma ne ga mutum mai surukai, wani ma ya ce ƙarancin tawakkali ne. Maiɗakina ita ma an ce sukarin jininta ya fara hawa, kuma ba ta fita. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ku lafiya, Alhaji, kai da iyalinka.

Asalin motsa jiki halal ne. Idan an yi shi don kiyaye lafiya ya zama mustahabbi. Idan kuwa likita masani amintacce ya tabbatar cewa barinsa zai cutar da kai, to ya kai matsayin wajibi, gwargwadon ikonka. Malamai sun ce hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. A Bukhari ya ce wa Abdullahi ɗan Amru: "Lallai jikinka yana da haƙƙi a kanka."

Maganar tawakkali ba ta da nauyi a nan. Wanda ya fi kowa tawakkali shi ne ya ce ku nemi magani, ya bayin Allah. Tafiyar da likita ya ce ka yi magani ce, kamar ƙwayar da kake haɗiya.

Kuma ba zato ba ne. Tsokar jiki idan tana aiki takan zuƙe sukari daga jini ta ƙone shi, sannan jiki ya fi amsa wa insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, na kwana ɗaya zuwa biyu bayan nan. Shi ya sa ba a son a yi kwanaki a jere ba a motsa ba. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda suka gyara cimarsu suka kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wani maganin suga, nasu ya ragu da kashi 31. Wannan kai tsaye ya shafi maiɗakinka, domin ita tana da sauran damar kauce wa ciwon.

Batun girma shi ne ya fi damuna, don na san ya zaunar da dattawa da yawa a garin nan. Mutuncin da shari'a take karewa shi ne nisantar abin da ke nuna wauta ko ƙarancin kunya. Tafiya ba ta cikinsu. Annabi (SAW) yana zuwa masallacin Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a kan abin hawa, wani lokaci da ƙafa. Da Banu Salima, wata ƙabila ta Madina, suka so komawa kusa da masallaci, ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta. Wa zai ce girmansa ya fi na wannan bawan Allah? Abin da zai taɓa ka da gaske shi ne ido ya dushe, ko ƙoda ta gaza, ko a yanke ƙafa, kuma duk waɗannan, ciwon suga yana jawo su idan aka yi sakaci.

Ba sai ka sa gajeren wando ka shiga fili ba. Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 ɗin nan. Bayan sallar asuba ka zaga unguwa da carbinka. Ka sauka daga Keke Napep tun kafin kasuwa ka ƙarasa da ƙafa. Bayan tuwon dare ka ɗan taka, kada ka kishingiɗa nan take.

Hajiya kuwa, tsakar gida ya ishe ta zagayawa. Idan ya yi ƙunci, ku fita tare da sassafe cikin hijabinta. A wancan tseren Annabi sai da ya ce sahabbai su yi gaba, ya haɗa sutura da motsa jiki. Hana ta abin da likita ya ce lafiyarta na buƙata bai halatta gare ka ba.

Sai dai ka kiyaye. Kada ka ajiye magani don ka fara tafiya sai da izinin likita. Idan kana allurar insulin ko shan ƙwayar suga mai suna glibenclamide, sukari na iya faɗuwa, don haka ka riƙe dabino a aljihu, da ka ji gumi da karkarwa da jiri ka tsaya ka ci. Ka sa takalmi rufaffe mai laushi, ka duba tafin ƙafarka duk dare, domin mai suga yakan ji rauni bai sani ba. Idan ƙirji ya yi maka ciwo, ka dakata ka koma asibiti. Da azumi kada ka wahalar da jiki gab da magariba, ka mai da tafiyar bayan buɗa-baki. Idan ka gwada jininka da na'urar awon suga ka ga sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, karya azumin ya wajaba, ka rama daga baya.

Allah ne mafi sani.