Ga mai tambaya kan masu haƙar da suka shiga gefen dajin Kuyambana

Ɗan'uwa, tun da na karanta tambayarka raina ya ƙi kwanciya, domin abin da ke cin ku shi ke cin mu. Ka ce wasu sun shigo da motocin haƙa gefen gandun dajin da ke kusa da ku, suna cewa da takarda daga Abuja suka zo, kuma kana son sanin ta inda talaka zai tsayar da su ba tare da rigima ba. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Kafin komai ku san dajin wane ne. Dokar ma'adinai ta 2007, sashe na 3, ta hana a ba da izinin haƙa a duk ƙasar da ke ƙarƙashin dokar gandun dajin tarayya, haka nan cikin gari, kasuwa, maƙabarta da wuraren tarihi. To amma Kuyambana gandun jihar Zamfara ne, a ƙaramar hukumar Maru. Kamuku, da ke tsallaken kogin Mariga ta ɓangaren Birnin Gwari, shi ne na tarayya. Idan ramin ya faɗa cikin Kamuku, hukumar gandun dajin tarayya za ku rubuta wa, kuma babu wata takarda da za ta halatta shi. Idan yana ɓangarenmu, ma'aikatar da ke kula da muhalli da dazuzzuka a Gusau za ku nufa, ku roƙi kwafin gazet da taswirar iyakar gandun. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: su kai kuka inda ba a da iko a kan dajin, a karɓa a ajiye, wata shida ba amsa.

Ita kuwa "takardar Abuja", kada sunan ya razana ku. Ku nemi ganin ta, ku kwafi lambarta. In ta fara da EL, lasisin bincike ne kawai, na shekara 3, bai ba kowa damar loda ƙasa a tifa ya kai kasuwa ba. SSML na ƙaramar haƙa ne, filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 3. ML shi ne babba, na shekara 25. Kowanne da iyakokinsa a rubuce. Ku tsaya daga nesa, a wuri mai aminci, ku ɗauki lambobin GPS da waya, da hoto mai kwanan wata, sannan wani ɗanku mai kwamfuta ya gwada su da taswirar ofishin rajistar ma'adinai na tarayya da ke intanet. Sau da yawa lasisin na gaske ne, amma filinsa yana wani wuri dabam.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar amincewa. Doka ta ce sai an nemi yardar mai ƙasa ko mazauninta kafin a ba da lasisi. Wa ya sa hannu? Ba daga Abuja ya zo ba, namu ne, wanda muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. A kira shi da dare, a miƙa masa ambulan da alkawarin babur, ya dangwala yatsa a madadin gari guda, alhali ko matarsa ba ta sani ba. Gobe idan rafi ya koma ja kamar kunun kanwa, shanu suka ƙi sha, shi ne zai fara cewa ƙaddara ce. Wallahi ɓarna daga cikin gida take farawa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku nemi kwafin wannan takarda a rubuce, ta dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kwana 7 ofishin tarayya ke da shi ya amsa, in ya ƙi kuna da kwana 30 ku je kotu.

Kuma kada wani ya ce muku kuna hana matasa cin abinci. Mu aka binne wa yara. A 2010, a Dareta da Yargalma da Abare da Sunke da Bagega, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara kusan 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen zinarin ne ke ɗauke da dalmar. Aka riƙa kawo shi cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Ƙurar ba ta da wari, ba ta da ɗaci. Sai dai uwa ta ga ɗanta ya fara amai, ya sandare yana jijjiga, ta ɗauka iska ce ko zazzaɓi. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka iso, sabbin ƙananan kaburbura ne suka fara ba su labari. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka kwashe aka binne, aka zubo sabuwa, domin ba a ba yaro maganin fitar da dalma ya koma kan ƙasar da ta sa masa ita. Bagega kuwa ta yi ta jira har 2013, sai da matasa suka tasa gwamnati gaba da gangamin ceto garin kafin a saki kuɗin aikin. Waɗanda suka rayu, wasu har yau ba su dawo daidai ba. Ga zaiba da ake ƙonawa don ware zinari, hayaƙinta na shiga ƙirji, ragowarta na bin ruwa ta shiga kifi. Duk takardar da za ku rubuta, ku sa wannan a ciki.

Dakatarwar da aka yi wa haƙa a Zamfara tun Afrilun 2019 an ɗage ta a Disambar 2024, saboda haka kada ku dogara da ita. Ku dogara da sharuɗɗan da ba su cika ba. Ina rahoton tasirin aikin ga muhalli? Ana baje shi kwana 21 na aiki, har a sakatariyar ƙaramar hukuma, don jama'a su yi ƙorafi. In ba wanda ya taɓa ganin sa a Maru, ku rubuta haka. Ina yarjejeniyar raya al'umma da sashe na 116 na dokar ma'adinai ya wajabta kafin a fara aiki?

Koke ɗaya, shafi biyu, ba zagi, ba zargin da ba ku da shaidarsa. Ku sa lambar lasisi, lambobin wurin, ranar da motoci suka shigo, da rafin da ya gurɓace. Ku kai wa jami'in ma'adinai na tarayya a Gusau, da kwamitin ma'adinai da muhalli na jiha, da NESREA (hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli), da fadar sarki, da ɗan majalisarku. Kowane ofis ya buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku kwafin. Ku sa Fulani makiyaya da mata masu ɗiban ruwa da limamai cikin masu sa hannu, kada a ce rikicin siyasa ne.

Don Allah ku kula da ranku. Kun san su wa ke kwana a wannan daji. Kada mutum ɗaya ya zama fuskar maganar, kada a saka sunayen masu sa hannu a Facebook, kada matasa su je tare hanya ko taɓa injin kowa, nan take za a juya ku ku zama masu laifi. Takardar ta fita da sunan ƙungiyar ci gaban gari, ko ta hannun lauya a Gusau. Ka fara samo lambar lasisin nan, ka kawo ta mu duba tare.