Kujerar bishiya ta hannu? Ƙanena, kada ka saya

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun da safe na ga tambayarka, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Ka ce dala 400 ke hannunka, bana za ka fara farautar barewa da baka a dajin gwamnati na kudu maso gabashin Ohio, kuma ka ga wani yana sayar da kujerar bishiya mai hawa (mai rabi biyu, na sama da na ƙasa, da maharbi ke hawa kututture da ita ya zauna a sama yana jiran dabba), ta hannu, da araha a intanet. Kana tambaya ko ka ɗauke ta, ko ka haɗa ta rataye da matakala, ko kuwa sirdin nan da samari ke yayi, wanda ake ɗaurawa a ƙugu a zauna cikinsa ana rataye da igiya a jikin bishiya. Wallahi ina kaiwa wajen "ta hannu" sai da gabana ya faɗi, domin ta wannan ƙofar aka cuce ni.

Kada ka saya. Ko kyauta ya ce zai ba ka, ka yi godiya ka bar masa abinsa.

Wanda ya sayar mini da tawa dattijo ne mai furfura. A garejinsa ya karɓe ni da fara'a, har da ba ni kofi, yana ta ba ni labarin barewar da ya kashe. Ya ce bai wani mori kujerar ba, ciwon gwiwa ne ya sa ya daina hawa. Kebul ɗin da ke zagaye bishiya, wanda shi ke riƙe da ran mutum, an naɗe shi tsaf da baƙin tef. Na tambaya, ya ce don kada ya yi ƙara a jikin ɓawo ne, kuma gaskiya mafarauta da yawa na yin haka. Ashe robar da ke rufe kebul ɗin ta daɗe da tsagewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta cinye wayoyin ciki. Ya sani. Ba yadda za a yi mutum ya naɗe wuri da hannunsa bai ga abin da yake rufewa ba.

Farkon Nuwamba ne, lokacin barbarar barewa. Na yi asuba a gefen mota, na shiga daji da fitila a goshi, na fara hawa. Na kusa inda nake so in tsaya, na ɗora nauyina a kan rabin ƙasa, sai na ji ɗas! Abin da na tuna kawai fuskata ta daki kututture, bakina ya cika da jini, ga ni ina reto a jikin ɗamarar tsaro da ta ɗaure ni da bishiya, ƙafafuna ba sa taka komai. Wayata tana cikin jaka can ƙasa tare da baka, a ɗaure da igiyar jan kaya. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Madaurin cinya ya fara matse ni, ƙafafu suka soma mutuwa, ina jin jiri yana zuwa yana komawa. Ba abin da nake tunani sai yarana da ke barci a gida, da mahaifiyata da ba ta ma san ina hawa bishiya a ƙasar mutane ba. Da ƙyar na zaro ɗan madaurin nan da ake takawa a miƙe, na sa ƙafa ɗaya, jini ya ɗan saki. Ina salati ina ihu har gari ya waye. Wani mafarauci da ban taɓa gani ba ya ji, ya zo da matakalarsa ya sauko da ni. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Da na samu kaina na kira dattijon. Ban nemi kuɗina ba, so nake kawai ya ce ya yi kuskure. Budar bakinsa sai ya ce yadda na gan ta haka na saya. Ya kashe waya, ya toshe lambata. Kuɗin asibiti ya ninka na kujerar sau ban san adadi ba, aiki ya tsaya, kafaɗar nan har yau in sanyi ya shigo ba na iya jan tsirkiya yadda na saba, dole na rage ƙarfin bakana. Mutum sa'an mahaifina! Ya dubi idona ya ba ni kofi alhali ya san abin da ke ƙarƙashin tef ɗin. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

To, batun kuɗinka. Kafin kujera, fara da abin da zai riƙe ka. Sabuwar kujera daga kamfanonin da ke bin ƙa'idar TMA, ƙungiyar masu ƙera kujerun bishiya, tana zuwa da ɗamarar jiki a cikin kwali, kuma tana aiki, sai dai madaurinta na cukurkuɗewa a duhu har mutum ya ji ƙyuyar sawa. Shi ya sa na sayi irin ta Hunter Safety System mai kamar falmaran, ka zura hannu ka danna maɓalli shi ke nan. Ɗamarar ƙugu kaɗai irin ta da, kada ma ka kalle ta. Yawancin faɗuwa ba a zaune take faruwa ba, wajen hawa ne da sauka da lokacin taka kujera daga matakala. Saboda haka tun ƙafarka na ƙasa ka ɗaure kanka da bishiya, kada ka kwance sai ka dawo ƙasa. Igiya mai ƙullin Prusik ka nema, kana turawa sama da hannu tana tafiya, in nauyi ya faɗa mata ta cije. Ka ɗaure ta sama da kanka yadda in ka zauna ba sauran sako-sako. Madaurin takawa da waya da usur kuwa a aljihun ƙirji suke zama, inda hannu zai kai ko kana rataye.

Ita kujera mai hawa ban tsane ta ba. Sabuwar Summit Viper wajen laba 20 take, an yi ta don ɗaukar laba 300, kuma ba abin da ya kai ta daɗin zama in za ka wuni. Amma ka lissafa nauyinka har da rigunan sanyi da takalmi. Matsalarta sai bishiya miƙaƙƙiya marar reshe, kuma barewa ba ta bin inda bishiya ta miƙe don ta faranta maka. Tsaunukan dajin Wayne, dajin gwamnati na kudu maso gabashin Ohio, ga hawa ga gangara, za ka ga sawu da kashi a wuri mai kyau amma duk itatuwan wajen karkatattu ne. In ka ɗauke ta, lallai ka haɗe rabin sama da na ƙasa da igiya, kada ka hau bishiya mai santsin ɓawo ko wadda ƙanƙara ta lulluɓe, kuma ka ɗan ɗaga bakinta sama tun a ƙasa domin kututture na sirancewa in ana hawa.

Ni yanzu ta rataye nake amfani da ita, ƙarama ta alminiyam, da matakala huɗu. Kowace bishiya ina hawa, har mai rassa, kuma rassan ma su ke ɓoye mutum. Sai da ɗamarar da ke zagaye kututture ta bar hannayenka biyu a sake kana ɗaura matakala, ba a yin wannan aikin da hannu ɗaya. Sirdi irin na Tethrd ya fi komai rashin nauyi, kuma kullum kana ɗaure, amma in ka haɗa ɗan dandamalinsa da igiyoyi da matakala zai wuce kuɗinka, ga shi yana son koyo. Ka bar shi sai baɗi.

Matakala masu dunƙulewa cikin itace kada ka ɓata kuɗinka, dokar Ohio ta hana kafa ƙusa ko wani ƙarfe a bishiyar filin farautar gwamnati. Kuma don Allah ka ɗaga kai ka duba sama kafin ka hau. Tun da ƙwaron nan mai huda itace, emerald ash borer, ya shigo jihar a 2003 ya kashe itatuwan ash ba iyaka, suna nan tsaye kamar masu rai alhali cikinsu ya ruɓe. Kada ka bar kujera ta kwana a daji, in ɓarawo bai ɗauke ba rana da kurege za su ci madaurin.

Na ga wasu a zauren nan suna alfahari da hawa ƙafa 30. Ban ga amfaninsa ga mai baka ba. Ƙafa 15 zuwa 20 ta isa. In ka yi sama da yawa kibiya na sauka a tsaye, ta huda huhu ɗaya, dabba ta tafi da rauni ka kwana kana neman jini, kuma wannan alhaki ne a kanmu. Ka koyi harbi daga sama kana lanƙwasawa daga ƙugu. Iska ma ka kula da ita fiye da tsayi, in ta kai mata warinka ba kujerar da za ta cece ka. Bismillah kuma lokacin sakin kibiya ake yi, in ka tarar da ita da sauran rai ka yanka. Baka kuwa ba a hawa da shi a hannu, da igiya ake jawo shi bayan ka zauna ka ɗaure.

Ana buɗe lokacin farautar barewa da baka Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba, kana da lokaci. Kana wajen Columbus ai, ka yi mini magana ta akwati ka zo ranar hutu. Akwai bishiya a bayan gidana, za mu rataya tawa a ƙasa-ƙasa ka hau ka sauka har hannunka ya saba, ka gwada reto a ɗamara ka ji yadda take kafin ka kashe ko dala ɗaya. Duk ranar da za ka shiga daji kuma ka turo wa iyalinka ko ɗaya daga cikinmu taswirar inda bishiyarka take da lokacin da za ka fito.