Tambaya da Amsa: Na Sayi Tsohuwar Bindigar Soja, In Goge Ta Da Sanfefa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zariya ne amma ina zaune a Amurka, kwanan nan na sayi tsohuwar Lee-Enfield No. 4 a shagon bindigogi da takarduna cikakku, don kakana yayi yaƙin Bama kuma tun ina yaro nake jin labarin bindigarsu. To amma duk ta cika da wani giris mai danƙo, ga tsatsa kaɗan kaɗan, katakon kuma yayi baƙi duk tabo. Tunanina in sa sanfefa in goge sannan in shafa banish tayi ƙyalli. Dan Allah me ka gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kaka. Dan girman Allah ka aje sanfefar nan, kar ta taɓa katakon.

Kaga wannan No. 4 ɗin a 1941 sojan Ingila suka fara amfani da ita, tana cin harsashi mai kaurin inci .303 guda 10, kuma dangin Lee-Enfield ne mutanenmu na runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma suka riƙe a dajin Bama, daga baya ma 'yan sandan Najeriya sun daɗe da ita a kafaɗa, ita ake cewa Mak 4. In ka duba da kyau zaka ga ƙananan tambura da lambobi a ƙarfen, wasu har a katakon, sune ke faɗa maka inda aka ƙera ta, ko Fazakerley ko Maltby a Ingila, ko Long Branch a Kanada, ko kamfanin Savage na nan inda kake wanda nasu ke ɗauke da rubutun U.S. PROPERTY. Sanfefa minti biyar ta cinye su kuma basa dawowa, darajar bindigar ta faɗi ke nan. Bayan haka katakon gaba an gwada shi ne daidai da ƙarfen, in ka rage masa jiki saiti ma lalacewa yake. Banish kuwa da ma ba da shi ta fito ba, man linsid, wato man 'ya'yan wani tsiro da ake shafa wa katako, aka shayar da katakon.

Giris ɗin nan kosmolin sunansa, shine ya tsare ta shekara da shekaru a ma'aji. Ka tabbatar babu harsashi ciki, ka kwance katakon, ka naɗe shi a tsumma ka sa a baƙar leda ka shanya a rana, zafi zai sa yayi ta gumi kana gogewa, sai ka maimaita har ya daina. Abin na son haƙuri, wani sai yayi sati biyu. Kar ka jiƙa shi a ruwa, tsagewa zai yi. Ƙarfen kuma kananzir da tsohon buroshin haƙori sun isa, inda tsatsa take ka ɗiga mai ka shafa da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a hankali, don baƙin fentin da ke jikin wasunsu ma na asali ne.

In katakon ya bushe sai man linsid, ɗan kaɗan a tafin hannu ka murza har yayi ɗumi, bayan minti 20 ka goge ragowar, gobe ka sake. Ka kula da tsumman man nan fa, in ka dunƙule shi ka jefar yana iya kamawa da wuta shi kaɗai, ka shimfiɗa shi a waje ya bushe ko ka tsoma a ruwa.

Kafin ka harba ko sau ɗaya ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba cikin bututun, ya auna zaman harsashi, ya ga ko lambar sakata tayi daidai da ta jikin bindigar. In tsohon harsashin soja ka samu, yana barin gishiri a bututu, ranar da ka harba ranar zaka wanke da ruwan zafi ka busar ka sa mai.

Sannan kar sha'awa tasa kace zaka taho da ita gida ka nuna wa dangi, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai .303 cikin haramtattu. Ka ɗauki hoto ka tura musu, mu ma a aiko mana mu gani in an gama.