Tambaya da Amsa: Me Ɗalibai Ke Koya a Kwas Ɗin Fasahar Kwamfuta?

Wasiƙun wannan makon sun karkata ne ga karatun fasahar kwamfuta da sadarwa, wanda aka fi sani da IT. Mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin karatu a sashen IT, ni kuwa na ɗauka gyaran kwamfuta ne za a koya masa. Mene ne bambancinsa da kimiyyar kwamfuta? Daga wani mahaifi.

Amsa: Baba, Allah ya sanya albarka a karatun. Gyara yana ciki, amma ɗan ƙaramin yanki ne. Mai kimiyyar kwamfuta ya fi nutsewa cikin lissafi da dabarun ƙirƙirar manhaja. Shi kuwa ɗan IT ana horar da shi ne ya kafa tsarin kwamfutocin ma'aikata, ya haɗa su, ya tsare su daga masu kutse, ya kuma gano matsala idan abu ya tsaya. A shekarar farko yawanci ana fara masa da sassan kwamfuta, da lissafin sifili da ɗaya, da rubuta manhaja da yare irin Python. Daga nan sai hanyoyin sadarwa, rumbun bayanai, sarrafa uwar garke (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da Linux ko Windows Server, gina shafukan intanet da tsaro. A ƙarshe zai gina wani aiki da hannunsa ya kare shi a gaban malamai.

Tambaya: Darasin hanyoyin sadarwa yana ba ni wahala, musamman raba adireshin IP gida-gida. A ɗakin gwaji ma kwamfutocina sukan ƙi ganin juna. Ina zan kama? Daga wani ɗalibin aji biyu.

Amsa: Ɗan'uwa, nan ne da yawa ke tuntuɓe, kuma dalilin shi ne haddar tebur ba tare da fahimtar lissafin ba. Adireshin IP shi ne lambar da ake gane na'ura da ita a hanyar sadarwa. Nau'insa da ake kira IPv4 bit 32 ne, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya. Idan ka ga 192.168.10.0/24, bit 24 na farko sunan gidan ne, wato rukunin na'urorin, 8 da suka rage na mazauna gidan, wato na'urorin kansu. Bit 8 yana ba da adireshi 256, a cire na farko da ke wakiltar gidan kansa da na ƙarshe da ake aika saƙo ga kowa da shi, saura 254. Kana so ka raba gidan huɗu? Ari bit biyu daga na mazauna, ya zama /26, wato 255.255.255.192. Kowane yanki yanzu adireshi 64 ne, suna farawa daga 0, 64, 128 da 192, kuma 62 ne kawai ake iya bai wa na'urori a kowanne. Saboda haka kwamfutar da adireshinta ya ƙare da 60 da wadda nata ya ƙare da 70 ba gida ɗaya suke ba, ko da suna kan siwic ɗaya (akwatin da ake jona kebul ɗinsu), ba za su ga juna ba sai an sa rauta (na'urar da ke haɗa gida da gida) tsakaninsu. Duba wannan tukuna, don sau da yawa shi ne abin da ke hana su ganin juna.

In ba shi ba ne, ka bi matsalar daga ƙasa zuwa sama, kada ka yi tsalle. Fara da kebul: fitilar da ke bakin mashigin tana ci? Kebul na Cat5e ko Cat6 bai kamata ya wuce mita 100 ba. Wayoyi takwas ne a cikinsa, kuma a tsarin T568B ana jera su haka: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Masu koyo sukan warware murɗin wayoyin da yawa kafin su matse kan kebul ɗin da ake kira RJ45, alhali bai kamata abin da aka warware ya wuce milimita 13 ba, domin murɗin nan shi ke hana saƙon wata waya shiga na wata. Kebul ɗin zai yi kamar yana aiki, amma gudu ya ragu ko layi ya riƙa yankewa.

Sai ka buga ipconfig a Windows, ko ip addr a Linux. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, ba ta samu ba, ta raɗa wa kanta. Idan adireshin daidai ne, yi ping, wato aika saƙon gwaji ka ga ko za a amsa, ga rautarka, sannan ga 8.8.8.8, wani adireshi da ke intanet. Wannan ya amsa amma shafi ya ƙi buɗewa da sunansa? To laifin DNS ne, mai juya suna ya koma lamba. Wannan bin diddigin mataki-mataki, a ganinmu, shi ne mafi darajar abin da kwas ɗin gaba ɗaya ke koyarwa.

Tambaya: Me ya sa malaminmu ya dage sai mun rarraba bayanai a tebur da yawa, bayan tebur ɗaya zai ɗauke komai? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, malaminku yana da gaskiya. Tsarin ya samo asali ne daga aikin Edgar Codd na kamfanin IBM a 1970. Ki ɗauka kin sa sunan ɗalibi, lambar wayarsa da darussansa a tebur ɗaya. Mai darasi takwas zai fito a layi takwas. Ranar da ya canza lamba, aka gyara layi bakwai aka manta ɗaya, rumbun ya koma yana faɗar magana biyu. Maganin shi ne tebur uku: na ɗalibai, na darussa, da na rajista mai haɗa lambar ɗalibi da lambar darasi.

Idan kin shiga SQL, yaren bai wa rumbun bayanai umarni, ki kiyayi abu biyu. Umarnin UPDATE (gyara) ko DELETE (sharewa) da aka manta ba a sa masa sharaɗin WHERE ba zai taɓa kowane layi a teburin. Ki fara gwada sharaɗin da SELECT, ki ga layi nawa ya kamo, kuma ki buɗe aikin da BEGIN don ki iya janyewa da ROLLBACK. Na biyu, kada ki manna abin da mai amfani ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, ta wannan ƙofar masu kutse ke cusa nasu umarnin. A bar gurbi a cikin umarnin, a miƙa bayanin daban. Kalmar sirri kuma ba a ajiye ta a fili, sai an niƙa ta da dabara irin bcrypt.

Tambaya: Wace irin kwamfutar tafi-da-gidanka zan nema? Daga wani sabon ɗalibi.

Amsa: Ka fi mai da hankali kan RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, da ma'ajiya. RAM mai gigabait 8 zai kai ka, amma 16 ya fi, saboda za ka riƙa kunna kwamfutocin gwaji biyu ko uku a cikin taka da manhaja irin VirtualBox, kowacce tana cin nata kason: kamar gigabait 2 ga uwar garken Linux, 4 ga Windows Server. Ma'ajiyar ta zama SSD, aƙalla gigabait 256. Idan kwamfutar gwajin ta ƙi tashi, shiga BIOS, wato saitin tushe na ainihin kwamfutarka, ka kunna VT-x in Intel ce, ko AMD-V in AMD ce, don wasu kan zo da shi a kashe. Kafin kowane gwaji mai haɗari kuma, ka adana kwafin yanayin da kwamfutar gwajin take ciki, yadda in ta lalace za ka mayar da ita cikin ɗan lokaci ka sake gwadawa.